Kada Mu Jira Ruwan Farko: Lambun Gida da Lambun Ikilisiya

Karatu: Irmiya 29:4-7, Karin Magana 24:30-34, Littafin Firistoci 19:9-10



Hunturu ya kwashe kayansa, bazara ta shigo da zafinta. Ƙasa ta bushe, ruwan rijiya ya yi nisa, itatuwa sun fara tofo ko da yake ɗigon ruwa bai sauka ba tukuna. A irin wannan lokaci yawancinmu muna ganin babu abin yi game da noma sai jira. Muna cewa, bari damina ta faɗi. Ra'ayinmu a wannan rubutu shi ne, wannan jiran kuskure ne, kuma yana cin mu kuɗi. Wanda zai ci miyar ganye daga bayan ɗakinsa a watan Mayu, a watan Maris yake fara aiki. Muna so kowane gida a cikinmu ya buɗe ɗan lambu, ko da na buhu biyar ne, kuma muna so zumuntar matasa ta je gaban dattawan ikilisiya ta roƙi filin nan da ke kwance a bayan majami'a, ta mai da shi lambu kafin ruwan farko.

Me ya sa muke wannan magana a shafin ibada?

Domin iyayenmu mata sun san abin da kasuwa take ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya tashi, kuma duk abin da ake ɗauko wa da mota ya bi shi. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Ba sai mun karanta rahoto ba, mun gani a tukunyarmu. Gidan da ya samu ya sayi masara ko dawa, sau da yawa ba ya iya sayen abin da za a ci da ita. Sai miya ta koma ruwa da gishiri da ɗan daddawa. Yara su ne suke fara nuna alama a jikinsu, domin tuwo yana cika ciki, amma ganye da kayan lambu su ne suke kawo sinadaran da jini da ido da ƙashi suke bukata.

Ga kuma wani nauyi. A wurare da yawa, a kudancin Kaduna, a Filato, a Binuwai, a kudancin Borno da arewacin Adamawa, akwai 'yan'uwa da ba sa iya zuwa gonakinsu na nesa saboda mahara da masu garkuwa da mutane. Wasu sun baro ƙauyukansu gaba ɗaya, suna zaune a ɗakin haya a cikin gari, suna zama tare da mu a benci ɗaya ranar Lahadi. Manoma ne tun kaka da kakanni, yau kuma suna sayen alayyafo ƙulli-ƙulli. Lambun gida ba zai mayar musu da gonakinsu ba. Amma zai sa hannunsu cikin ƙasa kuma, a wurin da ba sai sun sa ransu cikin hatsari ba.

Irin wannan hali ne annabi Irmiya ya rubuta wa wasiƙa. An kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila, wani annabi mai suna Hananiya kuma yana shelar cewa cikin shekara biyu komai zai koma daidai. Irmiya ya faɗa musu gaskiya mai ɗaci, cewa zaman zai kai shekara saba'in. Sa'an nan ya ba su umarnin Ubangiji, kuma cikin umarnin akwai gina gidaje, da dasa lambuna su ci amfaninsu, da neman zaman lafiyar birnin da aka kai su. Ku lura, 'yan'uwa. Mutanen da zuciyarsu ta karye, Allah bai ce su zauna su naɗe hannu har ranar ceto ba. Ya ce su shuka. Mu ma muna addu'a farashi ya sauko, ƙasa ta zauna lafiya, kuma daidai ne mu yi. Amma wanda ya tashi daga gwiwoyinsa, akwai fartanya tana jiransa.

Aikin bazara

Da yawa cikinmu mun girma a gari, mun yi makaranta, mun san kwamfuta fiye da garma. Saboda haka bari mu faɗi abubuwa dalla-dalla.

Ruwan sama ba ya sauka lokaci ɗaya ko'ina. A Jos da Kafanchan yakan fara a watan Afrilu, a Zariya wajen Mayu, a Kano da Katsina da Maiduguri kuwa sai wajen Yuni yake kankama. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana kuma karanta shi a gidajen rediyo. Ku saurara. Ruwan farko yakan yaudari mutane: ya sauka sau ɗaya, kowa ya ruga ya shuka, sai ya ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone. Mai lambu da yake da ɗan ruwan bayarwa ba ya faɗa wa wannan tarko, domin bai dogara ga hadari kaɗai ba.

Aiki na farko shi ne taki. A haƙa rami mai zurfin gwiwa a inuwa. A zuba busasshen ganye da ciyawa, a bi da kashin awaki ko na shanu ko na kaji, a yayyafa toka kaɗan, a zuba ɓawon kayan miya daga kicin, a rufe da ƙasa kaɗan, a sake jerawa haka har ramin ya cika. A riƙa yayyafa ruwa don ya kasance da danshi, a juya shi duk bayan mako biyu. Cikin mako shida zuwa takwas, a zafin nan namu, zai ruɓe ya yi baƙi, warinsa ya koma irin na ƙasar da ruwa ya taɓa. Ku lissafa da kanku: wanda ya haƙa rami a tsakiyar Maris, takinsa zai nuna a farkon Mayu. Wanda ya jira ruwa ya sauka, ko dai ya sayi takin zamani da tsada, ko ya zuba ɗanyen kashin kaji ya ƙone shukarsa. Leda da batir da fasasshiyar kwalba kuwa, kada su shiga ramin. Takin bola da ake tallarsa a kura, a tsince shi sosai kafin a kai shi inda za a shuka abin ci.

Aiki na biyu shi ne shinge. Akuya ba ta san Lahadi ba, kaza kuma ba ta san wahalar da ka sha ba. A bazara, lokacin da babu ɗanyen abu ko'ina, koren ganye ɗaya yana kiran dabbobin unguwa duka. Karan dawa, ko zana, ko tsohon gidan sauro da aka daina amfani da shi, duk suna aiki. Wanda yake da hali ya kafa sandunan zogale a layi; suna kamawa daga reshe, su zama shinge, su kuma ba da ganyen miya da na kwaɗo.

Aiki na uku shi ne iri. Kafin ka dogara da irin da ya kwana a cikin kwalba tun bara, ka gwada shi. Ɗauki ƙwaya goma, naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa. Bayan kwana biyar zuwa bakwai ka buɗe. Idan takwas sun tsiro, irin yana da kyau. Idan uku ne kawai, ka nemi wani. Irin da ake sayarwa a fakiti mai alamar F1 yana ba da amfani sosai, amma 'ya'yansa ba sa gadon iyayensu, don haka ba a ajiye shi don baɗi. Irin gida na alayyafo da kuɓewa da yakuwa da rama, wanda iyayenmu mata suke ajiyewa, shi ake iya ajiyewa shekara bayan shekara. Ku tambayi 'yan Zumuntar Mata. Za ku sha mamakin abin da ke ƙulle a bakin zane da cikin tsofaffin gwangwanaye.

Me za a shuka yanzu, me za a bari?

Nan ne matasa da yawa suke karaya. Suna ganin hoton kabeji da karas da latas a waya, su saya, su shuka a watan Afrilu, zafi ya kashe, su ce noma ba nasu ba ne. Waɗannan kayan sanyi ne. Lokacinsu hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai a kan tudun Jos da Mambila inda sanyi yake daɗewa. Tumatir ma ba ya son tsananin zafi. Idan rana ta yi ƙuna sosai furensa yakan zube bai ɗaura 'ya'ya ba. Shi ya sa tumatir yake araha a Janairu da Fabrairu lokacin da na Kadawa da sauran wuraren noman rani ya cika kasuwa, ya kuma yi tsada daga Mayu zuwa Yuli.

Abin da yake jure bazara shi ne abincinmu na gado. Alayyafo yana kaiwa yanka cikin mako uku zuwa huɗu. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya shi da yashi kafin a watsa, don kada ya tsiro a cunkushe. Idan an yanka shi sama da ƙasa da ɗan tsawo, yana sake tofo. Kuɓewa tana son zafi. A jiƙa irin ya kwana cikin ruwa, a shuka ƙwaya biyu a rami, a bar tazarar kamu ɗaya tsakani, cikin wata biyu za a fara tsinka. Yakuwa da rama da lalo duk suna yi. Ganyen wake da na kabewa ma miya ne. Attaruhu da tattasai da gauta kuwa, yanzu ne lokacin renonsu a ƙaramin fangali a ƙarƙashin rumfar ciyawa. Suna bukatar kamar mako shida kafin dashe, saboda haka wanda ya rene su a ƙarshen Maris zai dasa su daidai lokacin da ruwa ya zauna, ya riga maƙwabtansa da wata guda da rabi.

Wanda yake gidan haya, tsakar gida duk siminti, ba shi da hujjar cewa ba shi da ƙasa. Tsohon buhun shinkafa ko na taki, a wanke shi, a huda gindinsa don ruwa ya fita, a cika da ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Buhu guda yana ɗaukar gindin kuɓewa biyu, ko attaruhu ɗaya, ko alayyafo mai yawa. Fasasshen bokiti da tsohuwar roba ma haka. A ajiye su inda rana take samunsu da safe, inuwa kuma ta rufe su da azahar. A nemi izinin mai gida tukuna, kuma idan an fara tsinka, a kai masa nasa.

Maganar ruwa

Wani zai ce, Fasto, kana maganar ban ruwa a watan da muke sayen jarka a wurin 'yan garuwa. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Akwai unguwannin da ruwan sha ma da ƙyar ake samu a Afrilu. A irin waɗannan wurare ba ma cewa kowa ya hana yara ruwa ya ba alayyafo. Su haƙa ramin taki, su kafa shinge, su gwada iri, su yi reno a kwano ɗaya ko biyu, su jira ruwa a shirye.

Amma ga sauranmu, bari mu yi lissafi. Fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita uku, a zafin bazara, yana shan kusan jarka ɗaya mai lita 25 a rana. Idan an rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa, ko ɓawon gyaɗa, ko ƙaiƙayin shinkafa, danshi yana daɗewa, ruwan da ake bukata ya ragu. A ba da ruwa da sassafe ko da yamma, a gindin shuka. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye ko wake da shi, wanda muke watsarwa a tsakar gida kullum, ruwan lambu ne. Ruwan sabulu mai yawa da ruwan kwata, kada a kai su kan ganyen da za a ci, domin ta nan ciwon ciki da taifod suke shiga gida. Ikilisiyoyi da yawa kuma suna da rijiyar burtsatse da tanki, ruwan da yake zuba a ƙasa wurin famfo yana kwanciya yana tara sauro. Ɗan lambatu kaɗan zai kai shi inda zai yi amfani.

Filin bayan majami'a

Yanzu ga babbar maganar. Kusan kowace ikilisiya a cikinmu tana da fili. An saye shi ko an ba da shi don ginin makaranta, ko gidan fasto, ko sabuwar majami'a. Kuɗin gini bai samu ba, shekara biyar, shekara goma, filin yana nan. Da damina ciyawa ta rufe shi macizai su shiga, da rani a cinna masa wuta. Marubucin Karin Magana ya bi ta gefen irin wannan gona, ya ga ƙayayuwa sun rufe ta, katangarta ta rushe, ya tsaya ya ɗauki darasi, ya ce talauci yana zuwa wa mai irin wannan gona kamar ɗan fashi. Mukan karanta wannan nassi mu tuna da wani malalaci a ƙauye. Ya kamata wata rana mu karanta shi muna tsaye a bayan majami'armu.

Dattawa za su ce filin na gini ne. Gaskiya ne, kuma shi ya sa muke maganar kayan lambu, ba mangwaro ba. Alayyafo da kuɓewa ba sa hana kafa harsashi. Ranar da siminti ya iso, a girbe a ba magina wuri. A rubuta wannan a takarda, shugaban matasa da sakataren ikilisiya su sa hannu, don kada wani ya ce gobe ya gaji wurin. A kuma tabbatar da iyaka kafin a sari ƙasa. Ku tuna cewa sarki Ahab, a 1 Sarakuna 21, lambun ganye yake so ya yi kusa da fadarsa lokacin da ya sa ido a kan gonar inabin Nabot, kuma mun san jinin da aka zubar a kan wannan kwaɗayi. Taku ɗaya cikin filin maƙwabci ya isa ya ɓata sunan ikilisiya a unguwa.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihinmu. A ƙarshen shekarun 1950, a Filato, mishan ta SUM tare da ikilisiyar da yau muke kira COCIN sun fara shirin da aka sani da Faith and Farm, inda aka koya wa masu bi ingantaccen noma, har da huɗa da shanu. Masu bishara da yawa na zamanin kakanninmu da fartanya suka ciyar da iyalansu a ƙauyukan da aka aike su. Gwamnati ma ta gwada: a 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da Operation Feed the Nation, aka ce kowane gida da kowace makaranta su yi gona. An fara da ɗoki, amma shirin bai daɗe ba. Darasin da muke ɗauka shi ne, ɗoki yana buɗe lambu, tsari ne yake riƙe shi.

Ga tsarin da muke ba da shawara, kuma a nan ne muka san wasu ba za su yarda da mu ba.

Kada a yi gona ɗaya a ce ta kowa ce. Mun san yadda take ƙarewa. Asabar ta farko mutum arba'in su fito da ganga da waƙa, ta biyu sha biyar, ta huɗu mutum uku, kullum su ɗin ne, ransu a ɓace. Ranar girbi kuma arba'in ɗin su dawo da kwanduna. Daga nan gunaguni ya fara, zumunta ta tsage a kan ƙullin yakuwa. Wasu za su ce ai ikilisiyar farko komai nata na tarayya ne. Haka ne, amma ku karanta Ayyukan Manzanni sura 6: ko a can gunaguni ya tashi a kan rabon abincin gwauraye, sai da manzanni suka sa aka zaɓi mutum bakwai da sunayensu aka danƙa musu aikin. Ƙauna ba ta hana a san wanda yake da alhaki.

Saboda haka a raba filin fangali-fangali. Kowane fangali a ba mutum biyu, a rubuta sunayensu a katako a kafa. Idan ɗaya yana jarrabawa ko ba shi da lafiya, ɗayan ya ba da ruwa. Fangalin da aka bari ya bushe mako biyu ba dalili, a ba wanda yake jira a layi. Shinge da ramin taki da tiyo da kayan aiki, su ne na tarayya, kowa ya sa hannu a kansu Asabar ɗaya a wata. A sa mutum biyu su riƙe littafi, mace da namiji, a rubuta kowace naira da ta shiga da wadda ta fita, a karanta a gaban zumunta duk ƙarshen wata. Kuɗin da ba a karanta lissafinsa ba, ko na ganye ne, yana haifar da zargi.

Rabon wanda ba shi da shi

Dokar Musa ta hana mai gona ya girbe har bakin iyaka, ta kuma hana shi komawa ya tsince abin da ya zube. An bar wannan domin matalauci da baƙo. Da wannan doka ce Rut ta yi kala a gonar Bo'aza ta ciyar da surukarta Na'omi. Abin lura a nan shi ne, ba a jera Rut a gaban jama'a aka miƙa mata mudu ana tafi ba. Ta shiga gona, ta yi aiki, ta koma gida da mutuncinta.

Muna ba da shawara a yi haka. Cikin kowane fangali goma a keɓe ɗaya na kala, matasa su yi ta nomansa bi da bi, gwauruwa ko tsoho ko mara lafiya ya aiko a tsinka masa ba tare da an kira sunansa a sanarwa ba, ba kuma tare da an ɗauki hotonsa an sa a Facebook ba. 'Yan'uwan da rikici ya koro kuwa, a fara ba su fangali kafin kowa. Da yawansu sun fi mu sanin ƙasa nesa ba kusa ba. Mai digiri ya sauke girman kai ya tsuguna kusa da Baba ko Mama ya koyi yadda ake dashe. Wannan ma almajiranci ne.

Kada kuma shingen lambu ya zama katanga tsakaninmu da unguwa. A garuruwa da yawa, gwanayen lambu da ke bakin fadama maƙwabtanmu Musulmi ne, sun gaji sana'ar tun zamanin jigo kafin injin ban ruwa ya zo. Ku je ku gaishe su, ku yi tambaya, ku sayi dashe a hannunsu. Idan kuɓewa ta yi, a aika wa maƙwabcin majami'a, ko wane ne shi. Irmiya ya ce a nemi zaman lafiyar gari, kuma kwanon kuɓewa yana buɗe ƙofar da doguwar muhawara ba ta buɗe ba.

Gargaɗi biyu

Na farko, maganin ƙwari. A 2016 tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano da wasu jihohi har farashi ya ninka sau da yawa. Ƙwari gaskiya ne, za su zo. Amma a ƙaramin lambu, ido da hannu su ne magani na farko: a duba bayan ganye kowace safiya, a tsince tsutsa, a cire ganyen da ya kamu. A daka ganye ko 'ya'yan darbejiya, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma. Toka ma tana taimakawa. Idan dole sai an sayi maganin kanti, a karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba, a kiyaye kwanakin da aka ce a jira kafin girbi, a ajiye shi inda yaro ba zai kai ba. Alayyafon da za a yanka cikin mako guda ba a fesa masa guba. Ba za mu ciyar da gwauraye da abin da zai kai su asibiti ba.

Na biyu, ranar Lahadi. Tambayar za ta taso: a ba da ruwa ko kada a ba da? Ubangijinmu ya tuna wa masu sukarsa, a Luka 13, cewa kowannensu yana kwance sansa ko jakinsa ran Asabar ya kai shi shan ruwa. Tsiron da aka dasa jiya ba zai jira Litinin ba a zafin Afrilu. A ba shi ruwa da sassafe kafin sujada, a wanke hannu, a shiga majami'a. Noma da shuka da sayarwa kuwa su jira. Kada lambu ya zama dalilin da benci zai zama wofi, kada kuma wani ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi a kan bokitin ruwa.

Abin da muke roƙo

Ba ma yi muku alkawarin arziki. Fangali biyu ba za su biya kuɗin makaranta ba. Wata shuka za ta mutu, wata rana akuya za ta sami ƙofa a buɗe. Manzo Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa wani yana dasawa, wani yana ban ruwa, amma girma daga wurin Allah yake zuwa, kuma duk mai lambu ya san haka a jikinsa. Abin da muka tabbata shi ne, gidan da yake tsinkar ganye sau uku a mako ya rage abin da yake kai wa kasuwa, yaransa suna cin abin da jikinsu yake bukata, saurayin da yake kwana yana latsa waya kuma ya sami dalilin tashi da asuba.

Saboda haka, kafin Ista, kowa ya yi abu uku a gidansa: ramin taki ko buhunan ƙasa, shinge, da gwajin iri. Shugabannin zumunta kuma su rubuta takarda zuwa majalisar dattawa a wannan mako, su auna filin, su kawo sunayen masu son fangali a taro mai zuwa. Hausawa suna cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Zafin kuwa ga shi nan, ya iso.

Mu yi addu'a.

Ya Uba, kai ne ka sa mutum na farko a cikin gona domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Ka gafarta mana ƙasar da muka bari kwance alhali maƙwabtanmu suna jin yunwa. Ka ba hannuwanmu ƙarfi, ka ba zukatanmu haƙuri da juna. Ka aiko da ruwa a kan kari. Ka tsare waɗanda suke zuwa gonaki masu nisa, ka mai da waɗanda aka kora zuwa gidajensu lafiya. Abin da zai tsiro, ka sa ya ishe mu har mu ba wani. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.